Kwalin bango: yadda wata majami'a a Maradi ke tsara wa yaranta shekara

A watan Oktoban 2022, makon farko da aka koma lakol, ina zaune bakin aji lokacin shan iska ina gyaran kaye, sai abokiyar aikina mai koyar da ƴan aji uku ta tsaya a kaina da wani babban kwali a naɗe.

"Mushe, an ce takardar hutun bana tana wurinka. Ara mini ita. Kuma tunda hannunka ya fi nawa kyau, ja mini gida goma sha biyu a jikin wannan."

Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na majami'arsu ne. Ita ce ke riƙe da makarantar Lahadi, wato karatun da ake yi wa yara a gefe yayin da manya ke ibada, kuma ranar Asabar mai zuwa kwamitinsu zai zauna ya tsara duk abin da za a yi wa yara da matasa daga nan har baɗi war haka. Na ja mata layukan, na rubuta sunayen watanni. Da ta ga ina ta tambaya sai ta ce, in ina da lokaci in zo in karanta masu ranakun hutu da na jarrabawa da bakina, don bara sun saka taron matasa ana saura kwana huɗu a shiga BEPC, ba wanda ya zo sai ƴaƴan fasto.

Na je. Tun daga ranar kuma duk shekara ni nake ja masu layin kwalin.

Na san akwai mai karatun da zai ce me ya kai malami musulmi zaman kwamitin coci. Ban shiga ibadarsu ba, ba su kuma taɓa neman in shiga ba. A tsakar gida ake zaman, gindin wata bedi, in an kira la'asar in tashi in tafi masallacin layin, su jira ni. Abin da ya kai ni shi ne, cikin yaran nan kusan saba'in, goma sha ɗaya ƴan ajina ne a waccan shekarar. In an yi masu taro ranar Asabar, ni nake ganin wanda ya zo Litinin yana gyangyaɗi, da wanda bai zo ba sam saboda zazzaɓi.

Kirista ƴan kaɗan ne a Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari. Amma a wannan yanki namu ba baƙi ba ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da nan, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, ga kuma Danja da kowa ya sani da maganin kuturta. Ƴan Katolika ma tun 2001 Maradi ta zama mazaunin bishop ɗinsu. Yawancin yaran da nake magana a kansu Hausawa ne, kakanninsu ma kirista ne, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke karanta littafinsu wanda aka gama fassarawa tun 1932. Da yawanmu mun taɓa kai mara lafiya Galmi, amma ba mu san abin da ake yi bayan katangar majami'ar da ke layinmu ba.

Na zaci Kirsimeti za a fara rubutawa a kwalin. Ashe ita ce ta kusan ƙarshe. Abin da aka fara sakawa shi ne ranakun da ba a taɓawa. Na karanta masu hutun Disamba, da na tsakiyar shekara, da lokacin da aka saba yin BEPC da BAC, aka shafa masu jan alli. Wani dattijo manomi ya ce a shafa daga saukar ruwan shuka har a gama noma na biyu, don ba uban da zai saki ɗansa mai shekara goma sha huɗu ya tafi waƙa ga ciyawa na cin hatsi. Sannan fasto ya juyo gare ni ya ce, "Malam, yaushe azumi zai kama bana? Salla kuma fa?" Na ba shi lissafi, na ce masa shekararmu tana ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, kuma sai an ga wata. Aka rubuta da fensir. Da aka gama shafe-shafen, guraben da suka rage farare a shekara duka ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Cikinsu za a cusa komai.

Kirsimeti ita ce mai sauƙin rana, don ba ta motsi daga 25 ga Disamba, kuma tana faɗawa cikin hutu. Wahalarta tana cikin shiri. Yara kan yi wasan kwaikwayo na haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yadda littafinsu ya kawo labarin, da waƙoƙi da haddar ayoyi. Madam takan raba matsayi tun farkon Nuwamba, a riƙa gwaji duk Asabar da yamma. Na ga abin da kowane malami ya sani: yaro biyar ne masu baki, kuma in ba a yi hankali ba su biyar ɗin ne za su yi komai kowace shekara, sauran su zama tumaki. A zahiri nake nufi, don a wasan akwai garken tumaki, nan ake tura duk wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. Yanzu tana da kaye da take rubuta wanda ya yi me bara. Yaron da ya yi tunkiya sau biyu, a na uku dole a ba shi magana ko da jimla ɗaya ce.

Akwai abin da aka soke gaba ɗaya: kyandir. Da can yara kan shigo a jere da kyandir a hannu, sanye da fararen yadi, ƙarƙashin rumfar zana. Ranar 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a nan Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni bakwai bayan irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Duk malamin da ke garin nan a ranar bai manta ba, ni dai har yau in na shiga aji sai na dubi ƙofa. A kwalin, ƙarƙashin Disamba, an rubuta da manyan baƙi: ba kyandir, ba murhu kusa da rumfa, ƙofa biyu a buɗe. Fitilar waya ce ta maye gurbin kyandir. Wata tsohuwa ta ce ba ta da kwarjini. Gaskiyarta, amma ba wanda ya goyi bayanta.

An kuma daina kai bikin yara dare. Ana farawa da hantsi, a sallami kowa kafin magariba. Dalili ɗaya sanyin hunturu ne da ƙura, ga yara ƙanana masu tari. Ɗaya dalilin ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka. A watan Yunin 2019 an ƙona wata a nan Maradi. Iyayen yaran nan sun ga wannan da idonsu. Shi ya sa mako guda kafin kowane babban taro, dattawa biyu sukan je su gaida mai unguwa su gaya masa rana da lokaci, a kuma kai takarda wurin ƴan sanda. Lasifika kuwa ana juya bakinta cikin gida, a kashe ta da zarar ladan ya ɗaga murya.

Muhawarar da ta fi zafi a zaman farko da na halarta ba ta kuɗi ba ce. Wata uwa ce ta tada ta.

"To ɗiyan maƙwabta fa? Mi za mu yi da su?"

Kowa ya gane abin da take nufi. Duk inda aka buga ganga aka dafa shinkafa, yaran unguwa za su taru a ƙofa, kuma yaran unguwar nan kusan dukansu musulmi ne. Wani matashi ya ce a bar su su shigo, ai ba a korar yaro daga gidan Allah. Wani ya ce a rufe ƙofa kawai a huta, kada gobe a ce ana jan ƴaƴan mutane da biskit. Aka yi ta ja. Ni ban ce komai ba sai da fasto ya ce, "Malam, kai uba ne, kuma daga wancan gefen kake. Faɗa mana gaskiya."

Na ce masu, in na dawo gida na tarar ɗana ya yini cikin majami'a ban sani ba, raina zai ɓaci, ko da ruwa kaɗai ya sha. In kuma na ji an daka masa tsawa an rufe ƙofa a fuskarsa, nan ma raina zai ɓaci. Abin da nake so shi ne a tambaye ni. Dattijon nan manomi ya ce shi ma da jikansa zai bi abokai zuwa makarantar allo, haka zai so. Aka tsaya a kan cewa yaron da ba na majami'a ba ba ya shiga sai uba ko uwa sun yarda baki da baki, kuma babba ne zai je ya tambaya, ba yaro ba. Wanda ba a yarda masa ba, a miƙa masa nasa a leda a bakin ƙofa, da fara'a. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi a kwalin duka, ko da yake layi ɗaya ce.

Ista kuwa, wadda wasunsu ke kira Paska, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, don da wata ake lissafinta. A ƙasarmu wannan na nufin tsakiyar bazara. A 2023 ta faɗo 9 ga Afrilu, a 2024 kuma 31 ga Maris, duka biyun cikin azumi. Shekarun nan biyu ba a ɗora tukunya a tsakar gidan majami'a da rana ba. Mata suka dafa a gidajensu suka kawo a rufe, yara suka ci a cikin ɗaki. Ba wanda ya tilasta masu. Madam ta ce mini kunya ce kawai, ba ka soya albasa a hancin mai azumi. A 2025 ta koma 20 ga Afrilu, azumi ya wuce, amma zafi ya kai inda ya kai. A nan duk shirin ya koma maganar ruwa: duro nawa, ƴan ga-ruwa nawa za a yi wa magana tun jajibiri in famfo ya ɗauke, wa zai tsaya kan randa. Lokacin sanƙarau ne kuma, ba a son cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya mara iska. Saboda haka taron Ista na yara gajere ne, awa biyu da safe, a watse. Ƴan ajin jarrabawa ma ba a saka su cikin komai daga nan har su gama.

Babban aiki yana cikin babban hutu. Shi ne zangon yara na watan Agusta, wanda suke ce wa kam: a kwashi yara daga shekara bakwai zuwa sama a kai su wuri ɗaya su kwana uku ko biyar, ana karatu, ana waƙa, ana wasanni. Yara suna ƙirga kwanakinsa tun daga Ista. Manya kuma suna tsoronsa tun daga Oktoba, kuma suna da hujja.

Na farko kuɗi. Agusta ne watan da hatsi ya fi tsada, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai iso ba. In aka ce kowane yaro ya kawo jika biyu, mai ƴaƴa biyar ya fita ke nan. Dabarar da matan majami'ar suka yi ta burge ni. A watan Nuwamba suna da bikin godiyar kaka, kowane gida ya kawo abin da ya samu, yara su shigo da tiyar hatsi ko ta wake a ka, wani da kaza, wani da damin rake. Da can gwanjonsu ake yi a ranar, kuɗin ya shiga asusu ya narke. Yanzu ƙungiyar mata, wadda suke kira zumunta, takan ware hatsi da waken zango tun ranar, a zuba a jarkoki a toshe baki saboda ƙwari, a kulle, mabuɗi biyu a hannun mata biyu. Abincin Agusta ana tanadinsa wata tara kafin a ci. Kuɗin da iyaye ke bayarwa sai ya tsaya ga mai, da kayan miya, da sabulu. Bayan zango kuma ana karanta lissafi a gaban kowa, har dalar gishiri.

Wannan tanadin ne ya cece su a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, farashin shinkafa ya tashi cikin kwanaki. Littattafan yara na Hausa da suka saba samowa daga Najeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ba su iso ba, iyakar kuwa ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Aka rage zangon zuwa kwana uku, aka mai da shi na yini, kowa ya kwana gidansu. Madam ta kwafe darussa da hannu, ni na ara mata allo biyu. An ci dambu da wake har yara suka yi masa waƙa, amma an yi.

Na 2024 shi ne wanda ba na mantawa. Damina ce mai ruwa da ba mu saba gani ba, wadda ta rushe gidaje a garin nan har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. An yi zangon a wasu azuzuwa da aka ara, ba nisa da gidana. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, wayata ta yi ƙara. Madam ce, muryarta na rawa.

"Mushe, don Allah taho da babur. Wata ɗiya ce jikinta ya yi zafi, tana ta fizge-fizge."

Na tarar da yarinya ƴar shekara takwas a hannun wata uwa, ido ya juye. Ba adaidaita a wannan lokaci, hanya duk ruwa. Abin da ya fi tada hankali shi ne ba wanda ya san lambar iyayenta. Sunanta ma ba ya cikin takarda. Ta biyo ƴaƴan gwaggonta ne ranar farko, aka ga fuskar sananniya ce aka bar ta. Allah ya sa ƴar ajina ce ta bara, na san gidansu. Muka kai ta gidan likita, uwar nan na riƙe da ita a bayana, ƙafafuna cikin ruwa. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allura, aka saka ruwa, ni kuma na koma cikin dare na buga wa ubanta ƙofa. Ban taɓa jin nauyin sallama irin na wannan dare ba. Yarinyar ta tashi, yanzu tana aji biyar. Amma da aka duba ɗakin da suka kwana, yara goma sha tara ne, sange shida.

Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina galibi na ƴan ƙasa da shekara biyar ne. Yaran zango sun wuce wannan shekarun, ga shi ana tara su a daidai watan da sauro ya fi yawa. Kowa ya san haka a unguwa, amma ba wanda ya rubuta shi a kwali sai da abin ya faru.

Zaman Oktoban da ya biyo baya ya yi tsawo. Aka tsayar cewa ba yaron da zai kwana sai sunansa na cikin kaye, da lambar waya biyu, da sunan wanda zai zo ɗaukarsa, da ciwon da aka san shi da shi. Kowa ya zo da sangensa, wanda ba shi da shi a ara masa tun kafin rana. A ware kuɗin likita a ambulan dabam, ba a taɓa shi ko gishiri ya ƙare. A yi magana da majo na gidan likitan unguwa tun kafin a fara, a kuma san mai abin hawan da zai kwana da waya a kunne. Kowane babba yara goma ne a wuyansa, ya ƙirga su da safe, da bayan cin abinci, da kafin barci. A makarantar horon malamai an koya mana shirya darasi daki-daki, minti nawa gabatarwa, minti nawa bita. Ba a taɓa koya mana yadda ake kwana da ƴaƴan mutane saba'in ba. A gindin bedin nan na koye shi.

Akwai doka ɗaya da ta ɓata wa wani rai. Madam ta ce ɗakin ƴan mata mata biyu ne za su kwana ciki, na maza maza biyu, kuma ba babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, ko don addu'a, ko don nasiha, ko wane ne shi. Wani dattijo da ya shekara ashirin yana koyar da yara ya ce wannan zargi ne. Ta ce masa, "Baba, ba don kai aka yi ta ba. Don wanda zai zo bayanka ne, wanda ba mu sani ba. In kai ka bi ta, ba wanda zai ce ya fi ƙarfinta." Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba, amma a zangon 2025 na gan shi yana yi wa wani yaro faɗa a tsakiyar fili, inda kowa ke gani.

Inda kwalin ya gaza, a ganina, shi ne wajen matasa. Yara ƙanana ba su da wuya, ka ba su waƙa da fanke sun zo. Daga shekara goma sha uku zuwa sha bakwai ne ake nemansu a rasa. Samarin suna fada suna dafa shayi da abokansu na unguwa, ido a kan waya. Da an ba da hutu wasu sun tsallaka Katsina ko Kano neman kuɗin kayan makaranta, wasu sun nufi ramukan zinariya. Ba a manta ba, kwana ɗaya kafin gobarar makarantar nan ta 2021, rami ya rufta a Garin Liman wajen Ɗan Isa ya kashe mutum 18. Ƴan matan kuwa tun kafin samari suke ɓacewa, wata talla, wata aikatau, wata an fara maganar aure, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke aure kafin shekara 18. Wannan ba ciwon coci ba ne ita kaɗai. A islamiyyarmu ma ajin manya shi ne ya fi kowane faɗi, ba don girman ɗaki ba.

Abin da dattawa suka fara shirya masu shi ne taron kwana uku na wa'azi, mai magana bayan mai magana, a kan biyayya da kamun kai. Suka zo ranar farko, rana ta biyu rabi, ta uku kujeru. Ban yi mamaki ba. An tsara taron a zaman da ba matashi ko ɗaya a ciki. Shekara ta gaba aka kira biyu, namiji da mace, aka tambaye su. Yarinyar ta ce su abin da ke hana su barci BEPC ne, a samo masu mai koya lissafi. Saurayin ya ce a ba su ƙwallo da fili, kuma a daina kiransu yara. Aka saka bita ta ranar Asabar daga Janairu zuwa Mayu. Suka roƙe ni in riƙe lissafi, na ce na yarda in a harabar lakol za a yi, kuma ƙofa a buɗe ga kowane ɗan unguwa. Haka aka yi, kuma a ƙarshe musulmin da ke zuwa sun fi kiristan yawa. An kuma danƙa wa matasan shirin Kirsimetin ƙanana, da kuɗin kayan ado a hannunsu, su kawo lissafi. Sun kawo, da giɓin jika ɗaya da rabi da suka ce ta tafi a sayen kati. An yi dariya, an yi faɗa, an sake ba su bana.

Duk da haka ba zan ce an shawo kan abin ba. Cikin samari bakwai da na sani a 2022, uku ne suka rage a garin. Gidan Satumba a kwalin har yanzu fari ne, kuma shi ne watan da ake rasa su. Kowace shekara sai an ce za a saka wani abu a ciki, sai magariba ta yi ba a kai gare shi ba.

Na ɗauki dabarar kwalin na kai wa kwamitin islamiyyarmu, inda muka saba tuna walimar sauka ana saura mako biyu, a shiga bin gidaje neman gudummawa. Sun karɓi maganar ƙirga yara da ta ajiye hatsi tun kaka. Ban ɓoye masu inda na gano ta ba. Wani ya ɗaga gira, liman ya ce a ci gaba da magana.

A Kirsimetin 2024 dokar ƙofa ta zo har gidana. Ɗana na fari, mai shekara bakwai, abokinsa na aji shi ne zai yi sarki a wasan, ya kuma yi masa alkawarin zai ga rawaninsa na kwali. Ana saura kwana biyu Madam ta yi sallama da yamma, ta zauna da mai ɗakina suka gaisa, sannan ta ce ta zo tambaya ne kamar yadda aka tsara. Na ji wani iri, don ni na ba da shawarar, ban kuma taɓa kawo wa raina cewa ni za a zo tambaya ba. Na ce mata a yi haƙuri, bai kai shekarun da zai rarrabe kallo da ibada ba, ba zai shiga ba. Ta ce ba komai, Mushe, dama don haka ake tambaya. Yaron ya yi kuka har ya yi barci.

Ranar bikin da la'asar sai ga abokin nasa a ƙofar gida, da rawanin kwalin a kansa, yana riƙe da kwanon shinkafa da nama, yayarsa na biye da shi. Naman kuwa mahaucin unguwarmu ne ya yanka, kamar kowace shekara, don maƙwabta su iya ci. Suka zauna a zaure ya maimaita masa maganarsa ta sarki tun daga farko, har da tsawar da yake daka wa fadawa. Da layya ta zo muka aika masu da cinya.

Asabar da ta wuce na ja layin kwalin bana. Azumi zai kama wajen 18 ga Fabrairun 2026, na rubuta da fensir. Ista 5 ga Afrilu, wannan da bik. A gidan Disamba, ƙarƙashin maganar kyandir, Madam ta sa na ƙara layi biyu: ranar 20 a zaga gidajen maƙwabta a yi tambaya, ranar 23 a yi wa mahauci magana. Da muka iso Satumba aka kira magariba, na ajiye bik na tafi masallaci.